Miƙa maka makulli ba shaidar ka iya tuƙi ba ce

Ina daga cikin masu ganin cewa duk wanda ya goya jaka ya tafi yawon ganin wata ƙasa, amma ya ƙare kwanakinsa tsakanin masauki da tashar mota, manyan titunan ƙasar kawai ya gani. Ƙaramin babur na haya ne yake kai mutum inda bas ba ta shiga, ya tsaya inda ransa ya so. Na tabbatar da haka a arewacin Biyetnam, a zagayen Ha Giang mai tsawon kimanin kilomita 350, wanda ya bi ta Dong Van da Meo Vac, ya ratsa tsaunin Ma Pi Leng, inda za ka leƙa ƙasa ka hango kogin Nho Que a miƙe kamar koren zare.

Duk da haka, ina ganin kallon kitse ake yi wa rogo a wannan harka, kuma sauƙin samun babur ɗin ne yake ruɗar mutane. Ranar da na je karɓar nawa, mai shagon bai tambaye ni lasin ba, bai ce in zagaya ya ga hannuna ba. Fasfo ɗina kaɗai ya nema ya riƙe. Na ƙi, muka yi ta ja-in-ja har ya amince da kuɗin ajiya da kwafin takardar. Wanda ya bar fasfonsa a aljihun tebur ɗin wani ba shi da bakin musu idan aka nuna masa tsohon ƙarce a jikin babur aka ce shi ya yi. Saboda haka kafin in tayar, na ɗauki bidiyon babur ɗin gaba da baya a gaban mai shi, na matsa birki biyun, na duƙa na duba zanen taya.

Maganar lasin ce aka fi yi wa riƙon sakainar kashi. Lasin tuƙi na ƙasa da ƙasa fassara ce kawai ta wanda kake da shi a gida, don haka idan naka na mota ne, bai ba ka izinin hawa babur ba. Kuma iri biyu ne suka fi yawo, na yarjejeniyar Jeneba ta 1949 da na yarjejeniyar Biyana ta 1968, Biyetnam kuwa na 1968 take karɓa. Yawancin baburan haya injinsu 110cc ne zuwa 125cc, sun wuce 50cc da ake hawa a can ba tare da lasin ba. Tarar ɗan sanda a shingen bincike ita ce ƙaramar matsala. Babbar ita ce galibin kamfanonin inshorar tafiya ba sa biyan kuɗin asibitin wanda ya faɗi ba shi da lasin da ya dace, ko babu hular kwano a kansa, sai mutum ya wayi gari da karaya a ƙasar da bai san kowa ba, lissafin kuma duk a wuyansa.

Sai ita kanta hanyar. Daga Chiang Mai zuwa Pai a Tailan akwai lanƙwasar hanya har 762, ga shi a hannun hagu ake tuƙi, kamar yadda ake yi a tsibirin Bali na Indunusiya, amma kullum sai ka ga wanda bai taɓa murɗa totur ba ya zaɓi nan ya koya. Babur mai canja giya da kansa daɗin hawa gare shi a fili, sai dai a doguwar gangara injinsa ba ya riƙe shi sosai, nauyin duka sai ya koma kan birki, birkin kuma idan ya yi zafi sai ya saki. Na taɓa jin ƙaurinsa a hancina, na faka a gefen hanya na kusan rabin awa ina jira ya huce, hannuna na rawa. Ƙunar salansa a ƙwaurin dama kuwa ta zama tambarin masu hawa da gajeren wando.

Ra'ayina shi ne, wanda bai iya ba ya koya tun kafin ya sayi tikitin jirgi, ya sa a ƙara masa ajin babur a lasin ɗinsa. Idan lokaci ya ƙure, babu abin kunya a ɗauki ɗan gari ya goya ka, abin da jama'a da yawa suke yi a Ha Giang. Da muka haɗu a masauki da dare, waɗanda aka goya ne suke ba da labarin gonakin masara a tsakanin duwatsu, ni kuwa tsakuwar kan kwana da bayan babbar motar da ke gabana na fi tunawa.