Wa ake karramawa a bikin karrama sababbin kamfanoni?

Ina cikin masu ganin bikin karrama waɗanda suka kafa sababbin kamfanoni abu ne mai amfani. Duk wanda ya taɓa tayar da kamfani daga tushe ya san kaɗaicin da ke ciki: wata ya mutu babu kuɗin albashi, 'yan uwa na tambaya yaushe za ka nemi aiki na gaskiya. Daren da za a kira sunanka gaban jama'a a tafa maka ba ƙaramin abu ba ne. Damuwata ita ce yadda muke shirya wannan dare a gida Najeriya, kuma zamana a Finland ne ya ƙara nuna min inda gizo ke saƙar.

A nan babban taron sababbin kamfanoni shi ne Slush, wanda aka fara a Helsinki a 2008, ana yin sa cikin duhu da sanyin ƙarshen shekara. Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne masu riƙe da shi. Yawancinsu ɗalibai ne da matasan da ba su daɗe da gama jami'a ba, tare da 'yan sa-kai sama da dubu. Miki Kuusi yana ɗan shekara ashirin da 'yan kai ya jagoranci taron, daga baya ya kafa Wolt, kamfanin kai saƙon abinci da DoorDash, takwararsa ta Amurka, ta sanar da sayensa a 2021 kan Yuro biliyan 7. Gasar da ke cikin taron, Slush 100, tana farawa da kamfanoni 100, a yi ta tacewa har a kai ga guda ɗaya, a 'yan shekarun nan kuma abin da ake ci jari ne na Yuro miliyan 1. Alƙalan su ne masu zuba kuɗin. Tambayoyinsu babu sakaya: mutum nawa ke biyan ka, nawa kake kashewa kafin ka samu kwastoma ɗaya, me zai hana wani ya kwaikwaye ka gobe? Mutumin da zai sa kuɗinsa ba ya zaɓe don kunya.

Yanzu a dubi da yawa daga cikin namu. An kama zaure mai tsada, an jera manyan baƙi a gaba, uban taro ya makara, kowa na jira. Jawabai su ci rabin dare. Daga nan a fara rabon lambobi: na mai girma wane saboda goyon bayan fasaha, na bankin da ya ɗauki nauyi, na uwar taro. Yarinyar da ta shekara tana haɗa manhajar da manoma ke amfani da ita tana can kujerar baya, ta biya kuɗin mota da masauki daga aljihunta. Sai wajen ƙarfe goma sha ɗaya, lokacin da manyan sun watse, a kira ta, a miƙa mata allon gilashi, a ɗauki hoto. Ba a ba ta ko minti biyu ta faɗi abin da take yi ba. Washegari babu wanda ya neme ta.

Wanda ya fi ci min rai shi ne zaɓe ta intanet, musamman wanda ake biyan kuɗi kan kowace ƙuri'a. Wannan yana auna yawan abokai ne da nauyin aljihu. Matashin da ya kamata yana gyara kayansa sai ya ɓata makonni yana roƙon a zaɓe shi a WhatsApp.

Ba na ɗora wa masu shiryawa laifin duka. Zaure da janareta da na'urar sauti kuɗi ne, kuma mai ba da kuɗin yana son a ga fuskarsa. Sannan muna da abin da mutanen nan ba su da shi. A nan mutum zai ci gasa, a tafa masa kaɗan, kowa ya ɗauki rigar sanyinsa ya kama gabansa. Mu kuwa mun iya taya murna da zuciya ɗaya, labari ya zagaya dangi da abokai, mahaifin da ke shakka ya fara cewa ashe yaron nan da gaske yake. Wannan karɓuwa jari ce, ba na so mu rasa ta.

Kuma ba a tsira daga kuskure a ƙasashen nan ba. Mujallar Forbes ta Amurka ta taɓa sa Sam Bankman-Fried, wanda ya kafa kamfanin hada-hadar kuɗin kirifto na FTX, cikin jerin gwarazanta 'yan ƙasa da shekara 30, ga shi yau yana gidan yari kan damfara. Ita kanta Slush a 2022 ta soke nasarar kamfanin da ya ci gasarta bayan ce-ce-ku-ce kan alaƙarsa da Rasha. Abin lura shi ne lambar tana da nauyin da har za a yi rigima a kanta, a kuma ƙwace ta.

Akwai wani abu guda da nake fata mu ɗauka. Tun 2010 ɗaliban Jami'ar Aalto ta nan Finland suka ware 13 ga Oktoba a matsayin ranar tattauna faɗuwa, inda waɗanda kasuwancinsu ya rushe ke fitowa su faɗi abin da ya faru. Rovio, kamfanin wasannin waya na Finland, ta yi wasanni 51 kafin ta dace da Angry Birds a 2009, kuma ba sa ɓoye wannan. A wajenmu wanda kamfaninsa ya durƙushe ɓuya yake yi, alhali shi ya fi kowa sanin inda ramin yake.

Ba sai mun je nesa neman misali ba. Gidauniyar Tony Elumelu tun 2015 take zaɓen matasa a faɗin Afirka, ta horar da su, ta ba kowa dala 5,000 ya fara. Paystack, kamfanin biyan kuɗi ta intanet na Najeriya, ta shiga Y Combinator, shirin Amurka mai rainon sababbin kamfanoni, a 2016, wannan zaɓen ya buɗe mata ƙofar masu jari, a 2020 takwararta ta Amurka, Stripe, ta saye ta kan sama da dala miliyan 200. Mafi yawan irin wannan kuɗi a Legas yake tsayawa, shi ya sa biki a Kano ko Kaduna ko Jos ya fi na Legas buƙatar a yi shi da gaske: ga matasa da yawa, nan ne kaɗai mai jari zai iya jin sunansu.

Don haka ga roƙona ga masu shirya na bana. Ku bayyana sunayen alƙalai da ma'aunin da za su bi tun kafin a fara, ku sa waɗanda suka taɓa gina kamfani a cikinsu. Ku rage kuɗin ado ku mayar da shi kyauta, ko da ta biyan hayar ofis ce ta shekara guda. Ku fara da matasan, manyan baƙi su zauna su saurara. A bikin baɗi kuma, kafin a kira sabon gwarzo, a fara kiran na bana ya hau dandamali ya faɗi ma'aikata nawa ya ɗauka, kwastomomi nawa ya samu, ko kuma dalilin da ya sa ya rufe.