Nasiha ga mawaƙan bishara: a fara da kunne

Salama a gare ku 'yan'uwa, cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu.

Maganata yau da mawaƙa ce, musamman samarinmu da suke haɗuwa su huɗu su kafa ƙungiya, amma iyayenmu da ke zaune a benci suna sauraro su ma akwai rabonsu a ciki. Na yi shekaru ina waƙa a ƙungiyar maza huɗu, irin wadda ake kira kwatet. Babu wanda waƙa ce sana'arsa a cikinmu. Kowa yana da aikin da yake ciyar da iyalinsa da shi, sai da yamma mu haɗu mu yi koyon waƙa, ƙarshen mako kuma mu bi majami'un da suka gayyace mu. Abin da waɗannan shekaru suka koya mini shi ne hidimar waƙa da kunne take farawa. Ƙungiyoyin da na ga sun watse, kusan duka da muryoyinsu masu daɗi suka watse. Sauraro suka daina yi.

Ga wanda bai san yadda abin yake ba, muryoyi huɗu ne. Akwai mai jan waƙa, shi ne yake riƙe da karin da jama'a suka sani suke bi. Akwai tena a samansa, siririyar murya mai tashi. Akwai bes a ƙasa, wanda idan ya sauka sai ka ji matasa sun fara ihu. Sai na huɗu, baritan, wanda ba kowa ne ma ya san yana wurin ba. Shi aikinsa ya ɗauki sautin da sauran ukun suka bari. Wani lokaci ya hau saman mai ja, wani lokaci ya koma ƙarƙashinsa, duk inda giɓi yake nan zai shiga. Idan ka ji layinsa shi kaɗai za ka rantse ba waƙa ba ce. Amma ran da bai zo ba, jama'a za su ce yau waƙar ba ta cika ba, su kasa faɗin abin da ya rage.

Ɗan'uwan da yake mana baritan ya girme mu duka, Yaya muke ce masa. Ban taɓa ganin wani ya tare shi bayan sujada ya yaba muryarsa ba, hannu ɗaya ake ba shi a wuce wurin mai bes. Shi ne kuwa yake fara jin mun sauka. Waƙa ba tare da kayan kiɗa ba tana da wannan hatsari: mutum ɗaya ya gaji, muryarsa ta yi ƙasa kaɗan, sauran su bi shi ba su sani ba, kafin a kai baiti na ƙarshe duk an bar inda aka fara, mai bes yana neman ƙasan da babu. Yaya ba ya magana, ɗan yatsa kawai yake ɗagawa a gefen cinyarsa, mu gane, mu ɗago. Idan kuma muryoyin huɗu suka zauna daidai, akwai abin da yake faruwa wanda duk mawaƙin kwatet ya sani. Sai ka ji kamar wata murya ta biyar a can sama, alhali babu mai yinta. Kowace murya tana ɗauke da wasu siraran sautuka a samanta, to idan huɗun suka daidaita sai waɗannan sautuka su haɗu su ƙarfafa juna har kunne ya kama su. Haka Allah ya halicci sauti. Ba a samun wannan da ƙarfin huhu. Sai kowa ya rage nasa har ya iya jin na kusa da shi.

Wannan salon waƙa a Amurka ya yi ƙarfi, kuma tarihinsa yana da abin lura. A 1871 ɗaliban Jami'ar Fisk da ke Nashbil, yawancinsu waɗanda aka haifa cikin bauta, suka fita yawon waƙa don makarantarsu ta kusa rufewa saboda rashin kuɗi. Har gaban Sarauniya Biktoriya suka yi waƙa a Ingila a 1873, da abin da suka tara aka gina wa makarantar babban gini. A 1910 kuma wani mai buga littattafan waƙa a jihar Tenesi, James D. Vaughan, ya ɗauki maza huɗu aiki su riƙa zagaya majami'u suna rera waƙoƙin da ke cikin littattafansa domin mutane su saya. Ka ga tun daga tushe hidima da kuɗi tare suke tafiya. Ban ce laifi ba ne, Ubangiji da kansa ya ce ma'aikaci ya cancanci hakkinsa (Luka 10:7). Amma wanda ya shiga wannan aiki yana zaton jarabar suna da kuɗi ba za ta same shi ba don waƙar Allah yake yi, ya ruɗi kansa. Wani mawaƙi mai suna Sam Cooke yana jan waƙa a ƙungiyar bishara ta Soul Stirrers, majami'u suna cika dominsa, da ya fara ɗaukar waƙar duniya sai aka fitar da ita da wani suna, Dale Cook, don kada masu sauraron bishara su gane. Muryar ta tona shi, a 1957 ya bar ƙungiyar. Hukunci na Allah ne, ba nawa ba. Abin da nake so samarinmu su gani shi ne tun a wancan lokaci akwai mai murya ɗaya da fuska biyu, kuma ba ya daɗewa a ɓoye.

Mu ba mu kai ko kusa da can ba, tsohuwar mota ce muke cusa kanmu a ciki da lasifika a kan cinya. Wata majami'ar a ba mu ɗaki, wata mu kwana a kan benci, wani lokaci abin da aka tara mana ko man mota bai kai ba, mu haɗa daga aljihu, ranar Litinin kowa ya koma aiki da dusasshiyar murya. Duk wannan bai taɓa barazana ga ƙungiyar ba. Abin da ya kusa kashe ta waƙa ɗaya ce da jama'a suka fi so, da tambayar wa zai ja ta. Mai ja da mai tena suka shiga 'yar tsama a kanta, abin ya yi tsawo har ba sa ga maciji da juna. A mota ɗaya yana gaba ɗaya yana baya, magana sai ta bakin wani. Mu hau gaban jama'a kuwa kafaɗa da kafaɗa, muna rera ƙaunar Allah da gafararsa. Ana tafi. Amma mu mun san abin da ya lalace, don numfashinmu ya daina tafiya tare. Da can ba ma buƙatar alama, kowa yana jin lokacin da ɗan'uwansa zai ja iska. Yanzu ƙarshen baiti sai ya tarwatse, wannan ya yanke, wancan yana ci gaba da ja don a ji shi.

Wata Lahadi a ɗan ɗakin da ke bayan bagade, ana shirin kiranmu, Yaya ya zauna ya buɗe Matiyu 5:23-24, inda Ubangiji ya ce in ka kawo baikonka ka tuna ɗan'uwanka yana da wani abu game da kai, ka bar baikon a nan, ka je ku shirya tukuna. Ya rufe littafin ya ce, "Ƙannena, waƙar nan baiko ce. Ni dai yau ba zan buɗe bakina ba sai kun gaisa." Mai tena ya ce, "Haba Yaya, ana jiranmu fa." Ya ce, "A jira." Aka aiko sau biyu. Ba zan ce a nan take komai ya warware ba, hannu dai suka ba juna da ƙyar, kuma an ɗauki watanni kafin dariya ta dawo cikin motar. Zo mu zauna, zo mu saɓa, wannan kowa ya sani. Amma abin tsoro shi ne mutum ya saba da rera gafara da ƙulli a zuciyarsa har abin ya daina damunsa.

Akwai wata aya da nake so kowane mawaƙi ya karanta a hankali, Ezekiyel 33:31-32. Allah ya gaya wa annabin cewa mutanen nan suna zuwa su zauna a gabanka kamar jama'ata, suna jin maganarka amma ba sa aikatawa, a wurinsu kai kamar mai rera waƙoƙin ƙauna ne da murya mai daɗi, wanda ya iya kiɗa. Mun saba ɗora wannan aya a kan masu sauraro, kuma gaskiya ne tana kansu. Amma mawaƙi ma yana iya zama ɗaya daga cikin mutanen nan, a gaban waƙar bakinsa. Waƙar da ka rera sau da yawa tana iya fita da kanta, baki yana cewa Yesu ya isa, kai kuwa kana ƙirga mutanen da suka zo, kana duba ko wadda kake so ta gan ka. Ta bakin Amos Allah ya ce a kawar masa da hayaniyar waƙoƙinsu, ba zai saurara ba, gaskiya da adalci yake nema (Amos 5:23-24). Bai ce muryoyinsu ba daɗi ba. Bulus kuma ya ce zai yi waƙa da ruhu, ya kuma yi da hankali (1 Korantiyawa 14:15). Saboda haka ne muka ɗauki wata ɗabi'a da nake roƙon ku gwada. Kafin mu koyi sabuwar waƙa, ɗaya zai karanta kalmominta a fili ba kari, kamar wasiƙa, sauran suna ji. Sai a tambaya: gaskiya ce? Wace aya ce ta goyi bayanta? Akwai waƙoƙi masu daɗin kari da muka ajiye a wannan mataki, don da aka cire karin ba a sami komai a ciki ba.

Kada wani ya ɗauka ina cewa gwaninta ba ta da amfani. Zabura 33:3 ta ce a yi kiɗa da gwaninta. Kenaniya an sa shi shugaban waƙa ne domin ya iya (1 Tarihi 15:22), kuma mawaƙan da aka horar a zamanin Dawuda 288 ne (1 Tarihi 25:7). Mai cewa ai don Allah nake yi, sai ya ƙi zuwa koyo, ya hau ya ɓata wa 'yan'uwansa aiki, shi ma bai yi sauraro ba.

Ranar da muka shiga situdiyo muka ƙara gane wannan. Makirufo ɗaya aka kafa mana a tsakiya, mu huɗu muka kewaye shi. Injiniya ya matso da mai bes har leɓensa ya kusa taɓa ƙarfen, ya ce mai tena ya ja da baya taku biyu, don muryarsa tana rufe kowa. A nan ba tafi, ba amin, ba jama'ar da za ta rufe maka kuskure da amshi. Mutum ɗaya ya yi tuntuɓe a kalmar ƙarshe, dukanmu za mu koma farko. Sai a kunna mana mu ji. Kowa ya yi tsit, don na'ura ba ta san girman kowa ba, abin da ka ba ta shi za ta mayar maka. Mai jan waƙarmu ya ji yadda yake gaggawa a duk inda waƙa ta yi zafi, abin da aka daɗe ana gaya masa yana musu. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Ashe haka nake yi." Yau abubuwa sun sauya. Tun 1997 da manhajar Auto-Tune ta fito ana iya miƙe muryar da ta karkace a kwamfuta, kowa ya zo a ranarsa ya ɗauki layinsa shi kaɗai a haɗa daga baya. Mutum huɗu da ba sa magana da juna suna iya fitar da waƙa mai santsi ba tare da sun haɗu a ɗaki ɗaya ba. Kayan aiki ne, ban tsine musu ba, amma ina jin tsoron abin da suke sauƙaƙa mana ɓoyewa.

Ku kuma lura da yadda zuciyarku take yi in kun iske mutane kaɗan. Mun sha yin doguwar tafiya mu tarar da tsofaffi 'yan ƙalilan da yara, ba lasifika, ba mai ɗaukar hoto. A irin wannan wuri ne jaraba take zuwa a rage baiti a gama da wuri. Bulus da Sila da tsakar dare suka yi waƙa a kurkukun Filibi, bayansu duk rauni, ƙafafunsu a turu, masu sauraronsu kuwa fursunoni ne (Ayyukan Manzanni 16:25). Kuma babu wanda ya san wace ce waƙarsa ta ƙarshe. A Yunin 1954 wata ƙungiyar kwatet ta bishara, Blackwood Brothers, ta ci wata babbar gasa a talabijin, duk Amurka ta san sunansu. A ranar 30 ga wannan watan jirginsu ya faɗi a Clanton ta jihar Alabama, mai baritan R.W. Blackwood da mai bes Bill Lyles suka rasu.

Iyayenmu, fastoci da dattawan ikkilisiya, ku ma ina roƙonku da girmamawa. Kada a riƙa kiran mawaƙa don cike lokaci, ana karɓar baiko ana hira suna rera sunan Ubangiji. In kun gayyace su daga nesa, ku tuna da aljihunsu suka zo. Yabo kaɗai kuma yana lalata yaro mai murya. Ku jawo shi kusa, ku tambayi lafiyar matarsa da ya bari a gida duk ƙarshen mako, ku tambaye shi yadda yake da sauran ukun. Da yawa daga cikin mawaƙanmu da sun sauka daga gaban jama'a sai su fice waje su tsaya gindin mota har a tashi. Ku tambayi ɗanku yaushe rabon da ya zauna a benci ya ji wa'azi daga farko har ƙarshe.