Makarantar su yara tana tangal-tangal: a cire su ko a yi haƙuri?

Wata ranar Laraba 'yata ta aji uku na firamare ta dawo gida na ce kawo littafin lissafinki in gani, haka kawai, ba wai ina zargin wani abu ba. Ina buɗewa na ga jan biro na ƙarshe da aka sa a littafin ya kai sati uku, ga aikin gida shafi huɗu ta zauna ta yi abinta tsaf amma ko kallonsa ba a yi ba. Na ce ina antin taku? Ta ce ai Anti ta tafi, yanzu ankul ɗin 'yan aji biyar ne yake leƙowa ya rubuta musu a allo ya koma ajinsa, monita kuma ta riƙe tsumagiya tana rubuta sunan masu surutu. Anti ta uku kenan a shekara ɗaya. Ta farkon ma daga baya na gan ta da idona a wata 'yar rumfar POS wajen Kabuga a nan Kano, ta gaishe ni tana sunkuyar da kai, ta ce, "Yallaɓai wallahi ba a son raina na bar yaran nan ba, wata uku muke bi, ni ma ina da ƙanne a gida."

To daga ranar maganar nan ta hana ni sakat, kuma na san ba ni kaɗai ba ne, domin guruf ɗin iyayen yara na WhatsApp ya rabu gida biyu, wasu na cewa a kwashe yara tun kafin a wayi gari a ga kwaɗo a ƙofa, wasu na cewa haba jama'a ina amana, matar nan mai makarantar ta yi mana hidima shekara da shekaru yau don ta shiga wani hali sai a gudu? Ka je Rijiyar Zaki, ka je Sheka, Kurna ko Hotoro, irin wannan gardamar ake yi a majalisa bayan isha'i, sunan makarantar ne kawai yake canzawa.

Bari in fara da yi wa masu makarantun adalci, don mu iyaye mun iya zagi. Tun 29 ga Mayun 2023 da Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi, litar da muke saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta taɓa wuce 1,000. Malamar da take hawa adaidaita biyu kafin ta zo aiki, rabin albashinta a hanya yake ƙarewa. Takardar buga jarrabawa ta tashi, maka ta tashi, mai gidan da aka kama haya aka mayar makaranta shi ma ya ƙara, ga mai ruwa ga maigadi ga kuɗaɗen da hukumomi suke zuwa karɓa. Kuma kar a manta yawancinsu dama ba su gama farfaɗowa daga korona ba, lokacin da aka rufe makarantu daga Maris ɗin 2020 aka shafe wata da watanni ba ko sisi yana shigowa.

Ɗauki biro mu yi lissafi, misali ne kawai. Makaranta mai yara 200, kowane yaro naira 30,000 a tam, miliyan shida kenan idan kowa ya biya. Amma tam uku ne a shekara, wata kuma goma sha biyu, wato kuɗin tam ɗaya wata huɗu zai riƙe, miliyan ɗaya da rabi duk wata. Malamai 15 idan za a ba su mafi ƙarancin albashin nan na naira 70,000 da aka sa wa hannu a Yulin 2024, miliyan ɗaya da dubu hamsin ta tafi, sauran shi ne haya da wuta da komai da komai. Yanzu ka ce kashi ɗaya cikin uku na iyaye ba su biya ba. Miliyan ɗaya ta rage a wata, albashin ma bai fita ba. Shi ya sa kusan babu ƙaramar makarantar unguwa da take biyan wannan 70,000 ɗin, dokar ma ba ta hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, shi ya sa kuma duk ranar da gwamnati ta buɗe ɗaukar malamai sai ka ga an yi dafifi, tunda gwamnatin Kano ta tsayar da nata mafi ƙarancin albashin a kan 71,000 a 2024.

Nan ne fa abin ya zo kaina. Da na gama fushin littafin da ba a duba ba sai maman yara ta ce, to kai ka cika ragowar kuɗin tam ɗin da ya wuce? Shiru na yi. Rabi na bayar na ce zan ciko, aka shiga azumi aka shiga hidimar sallah maganar ta bi ruwa. Wato albashin antin da na gani a rumfar POS, wani yanki nasa yana aljihuna. Mu da yawa haka muke, mun ga mai makarantar 'yar unguwa ce, ba za ta iya koro yaro gida ba saboda kara, sai mu mayar da kuɗin makaranta shi ne bashin ƙarshe da ake biya bayan na mai shago da na mai kati da gudummawar biki.

Duk da haka ra'ayina bai canza ba, tausayi ba dalili ne na barin yaro a aji ba malami ba. Shekarar yaro ba ta dawowa. Wanda ya wuce aji uku bai iya karatu da sauri ba, bai riƙe jadawalin sau ba, haka zai dinga jan ƙafa har sakandare, kai kuma ka dawo kana biyan mai lesin kuɗin da ya fi wanda ka ƙi biya tun farko. Abin da nake cewa shi ne a bambance makarantar da take jin yunwa da wadda take mutuwa, don ba ɗaya ba ne, kuma ba a fenti ake ganewa ba.

Fentin da ya koɗe, bas ɗin da aka jingine, janareton da aka daina tayarwa, bikin yaye ɗalibai da aka soke, ni duk waɗannan ba sa tayar min da hankali, wani lokacin ma alama ce ta mai makaranta ya san abin da yake yi, ya yanke ƙawa ya riƙe malamai. Wanda yake ba ni tsoro shi ne akasin haka. Ka ga an sake sabon allon suna a bakin titi, an matsa lamba a kan kuɗin fati da rigar giraduweshin na 'yan nazire, an ce dole a sake yunifom kuma a wajensu za a saya alhali ga yadi a Kwari, amma malamai na bin wata biyu wata uku. Wannan mutumin ramin jiya yake cikewa da ƙasar yau. Haka idan aka fara haɗe aji biyu a ɗaki ɗaya ba tare da an gaya wa iyaye ba, ko aka ce ka biya kuɗin shekara gaba ɗaya a yi maka ragi mai tsoka, ko ka tura kuɗi wata sabuwar lambar asusu ta wani mutum daban kuma rasit sai an ga dama. Ruwa ba ya tsami banza.

Ma'aunin gaskiya dai malami ne. Su wa suka koyar da ɗanka bara, nawa ne a cikinsu suke nan bana? Wannan tambayar yaro ɗan shekara takwas ma zai amsa maka. Sannan ka je da ƙafarka, ba a guruf ba, ka zauna da mai makarantar ka yi tambayar da kunya take hana mu yi. Ni na je. Na ce, "Hajiya, don Allah ki gafarce ni, ba rashin kunya ba ce, malamai nawa suke bin ki?" Ta yi jim, sai ta jawo wani dogon littafi mai baƙin bango ta juyo min shi, sunayen iyaye ne da abin da ake bin kowa, nawa yana layi na goma sha wani abu. Ta ce, "Malam, ka ga inda albashinsu yake." Ban ji daɗi ba amma na girmama ta, domin wanda zai buɗe maka littafi ana iya zama da shi a nemi mafita, a kira taron PTA na gaske, a yarda da ƙarin da kowa zai iya, a tsara biya kashi-kashi duk wata. Wanda kuwa zai ce maka komai lafiya lau, 'yan hassada ne suke yaɗa magana, alhali ɗanka ya gaya maka yau ma ba a yi musu Turanci ba, wannan ka fara neman wani wuri tun a daren.

Akwai yaran da lissafinsu daban ne, 'yan ajin jarrabawa. Yaron da yake JSS3 ko SS2 zuwa SS3 ba a fizge shi haka kawai, saboda WAEC tana neman makin gwajin da aka tara masa tun daga SS1, kuma makarantar kirki ba ta son karɓar yaro a ajin ƙarshe. Amma a nan ne kuma hatsarin ya fi girma idan ka zauna, domin kuɗin rajistar WAEC da NECO da iyaye suke tarawa kuɗi ne mai yawa a lokaci ɗaya, kuma mai makarantar da bashi ya sha masa kai shaiɗan na iya raya masa ya taɓa da niyyar zai mayar. Ka tambaya makarantar tana da santa ta kanta ko a wata makarantar ake kai yara su rubuta, ka nemi ganin takardar rajistar ɗanka da hotonsa a jiki, kar ka yarda da "an yi, an yi". Ka kuma bincika ko rajistarta da hukumar kula da makarantu masu zaman kansu ta jiha tana nan da rai, tunda an taɓa soke lasisin makarantun kuɗi gaba ɗaya a Kano a farkon 2022 bayan wani mai makaranta ya sace ɗalibarsa Hanifa ya kashe ta, kisan da ya girgiza gari, aka ce kowa ya sake tantancewa.

To in an cire su a kai su ina? Masu cewa a kwashe a kwashe ba sa son wannan tambayar. Makarantar da ke bayan layinku mai sabon fenti ita ma a Najeriyar nan take sayen mai, wataƙila nata ramin bai fito fili ba ne kawai, kar a guji gara a faɗa gidan zago. Ga kuɗin fom, ga sabon yunifom kala biyu da na wasanni, ga littattafan da ba irin na da ba, ga adaidaita idan ta fi nisa, kafin ka farga ka kashe kuɗin tam biyu a kan ƙaura kawai. Makarantar gwamnati kuma bai kamata a dinga yi mata kallon wulaƙanci ba, Gwamna Abba Kabir Yusuf ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a Yunin 2024, an gyara wasu ajujuwa an ɗauki malamai, sai dai cunkoso a firamaren cikin gari har yanzu abin a duba ne, ka je ka leƙa ajin da idonka kafin ka yanke. A sakandare kuwa yaro mai ƙoƙari yana da hanya, makarantun kimiyya irin na Dawakin Tofa da Dawakin Kudu sun fitar da likitoci da injiniyoyin da suka cika asibitoci da ma'aikatun jihar nan, jarrabawar shiga ake ci.

Abin da ba zan taɓa goyon baya ba shi ne tafiyar dare. Mutum ana bin sa tam biyu, sai a dawo hutu kawai a ga yaransa da wani yunifom, idan ya hango mai makarantar a masallaci ya canza sahu. Wannan cin haƙƙi ne, kuma ba na mai makaranta kaɗai ba, na malamar da ta tsaya da yaronka tun yana riƙe fensir a dunƙule ne. Sabuwar makarantar da take karɓar yaro ba ta tambayi takardar shaidar ya biya bashin inda ya baro ba ita ma tana haƙa ramin da za ta faɗa, don wanda ya gudu da kuɗin wancan zai gudu da naka. In za ka tafi ka biya, ka faɗa da bakinka tun kafin ƙarshen shekarar karatu don su san yara nawa za su lissafa, ka karɓi rizal da takardar tiransifa tun ofis yana buɗe. Makarantar da ta rufe, fayil ɗin ɗanka yana iya ƙarewa a cikin buhu a wani sito da ba ka san inda yake ba.

Ni dai na cika ragowar kuɗin nan a satin, na haɗa da na tam ɗin da muke ciki. Babban yana JSS3, shi na bar shi ya rubuta jarrabawarsa a inda aka san shi. Ƙaramar kuma na gaya wa Hajiya gaskiya, na ce zan jira zuwa ƙarshen tam na uku, idan aka samu malama ɗaya da ta zauna da ajinsu daga farko har ƙarshe to tana nan, idan aka sake canzawa zan zo in karɓi takardunta, kuma ina roƙon kar ta riƙe ni a zuci. Ta ce ba komai, Allah ya zaɓa mafi alheri. An kawo wata sabuwar anti, yau satinta biyar, duk Juma'a ina buɗe littafin lissafin in duba jan biro.