Rigar Aro da Hadarin Mutanen Kazaure

Rigar ba tawa ba ce, kuma daga nan masifar ta faro. Babbar riga ce ta shadda, fara fat, ta sha sitati har ƙara take yi in na motsa. Yaya ne ya ara mini zuwa ɗaurin auren abokina a wani ƙauye bayan Bichi, sai da ya ja mini kunne sau uku: "Ko ƙura ban yarda ta taɓa ta ba."

Farkon watan Yuni ne. Muna zaune a rumfar tamfol bayan azahar, ana jiran waliyyin amarya, sai gabas ta yi baƙi ƙirin. Wani dattijo da ke gefena ya ɗaga kai, ya ƙare wa sama kallo irin na masana, ya ce, "Ku kwantar da hankalinku 'ya'yana, wannan hadarin ba namu ba ne, na mutanen Kazaure ne."

Bai rufe baki ba iska ta taso da jar ƙura. Kujerun roba suka kama hanya ba kowa a kansu. Wani saurayi ya danƙa mini ƙarfen rumfa yana cewa, "Alhaji, riƙe nan!" Ni da ko filin jirgi ban taɓa shiga ba, amma daɗin sunan ya sa na riƙe. Iska ta cika rigar, na kumbura kamar buhun auduga, ƙafata ɗaya har ta bar ƙasa. Da na ga da gaske rumfar Kano take son zuwa da ni, na sake ta. Hulata ta riga ta yi gaba.

Sai ruwa kamar da bakin ƙwarya. Na nufi gindin darbejiya, aka saki wata tsawa da ta sa na canja shawara. Masallaci ya cika maƙil har bakin ƙofa. Na hango wani ɗan ɗaki mai rufin kwano, na faɗa da sallamata.

Awaki ne suka amsa.

Da idona ya saba da duhun, wa zan gani a lungu? Dattijon nan, a bushe ƙayau, zaune kan turmi, ya rungume kular shinkafar walima. Na ce, "Baba, ashe hadarin namu ne?" Ya ce, "Ɗana, mutanen Kazaure akwai kyauta. Zo mu ci."

Muka ci kuwa, har da nama. Ina tsakiyar loma na ji ana jana ta baya a hankali. Bunsuru ne, sitaci ya yi masa daɗi, ya cinye kusan taƙi guda na hannun rigar.

An ɗaura auren bayan la'asar, ina can sahun baya ina warin bunsuru. Yau kwana tara ke nan ina gaya wa Yaya rigarsa tana wurin mai guga.