Hadarin da ya kayar da jirgi a Kano a 1956

Duk lokacin damina sai ka ji fasinjoji a filin jirgin Malam Aminu Kano suna tsaki, wai an jinkirta tashi saboda hadari. Ni ma na yi. Na daina ne bayan da na karanta abin da ya faru a wannan fili ranar 24 ga Yuni, 1956.

Da yammacin ranar, jirgin kamfanin BOAC na Ingila, samfurin Argonaut mai injin huɗu, ya taso daga Legas ya yada zango a Kano, zai wuce Tarabulus sannan Landan. Mutum 45 ne a ciki. Hadari ya haɗu, irin wanda duk Bakano ya sani: gari ya yi baƙi, iska ta fara kaɗa ƙura. Jirgin ya tashi lafiya, ya shiga ruwan, sai ya fara nutsewa ƙasa duk da matuƙin ya ba injuna wuta gaba ɗaya. Fiffikensa ya bugi bishiya, ya faɗi ya kama da wuta. Mutum 32 suka rasu.

Masu bincike ba su ɗora wa matuƙin laifi ba, kuma a ganina sun yi adalci. Abin da ya same shi ko suna bai samu ba a lokacin. Iska ce ke sauko wa daga cikin gajimare da ƙarfi, ta daki ƙasa ta watsu ko'ina. Jirgi na shigarta sai ta tare shi ta gaba, ya ji kamar an ɗaga shi. Nan take ta juyo ta bayansa, fiffike ya rasa abin riƙewa. A kusa da ƙasa babu sararin gyara.

Sai da wani jirgin kamfanin Eastern na Amurka ya faɗi a New York, shi ma ranar 24 ga Yuni, amma a 1975, sannan masanin yanayi Ted Fujita ya bayyana wannan iska filla-filla. Shekara 19 ke nan tsakani. Daga nan aka fara sa na'urorin gano ta a filaye da cikin jirage, aka koya wa matuƙa su jira ta wuce.

Saboda haka idan an ce a dakata, ni dai zama nake yi. Abin da nake nema daga kamfanonin jiragenmu shi ne su fito su gaya wa fasinja gaskiyar dalili, su daina barinsa a kujera yana zargin ƙarya ake masa.