Iya da kyamarar jikanta

A makon jiya aka gayyace ni kallon fim a wani gida da ke bayan fada a Daura. Wani saurayi ɗan maƙwabtanmu ne ya shafe kusan shekara biyu yana bin kakarsa da kyamarar waya, ya haɗa abin da ya tara ya zama irin fim ɗin nan da ake kira dokumentari, wanda babu ɗan wasa a ciki, babu ƙagaggen labari. Bayan Isha'i aka shimfiɗa tabarmi a tsakar gida, aka haska a bango kamar majigin da. Kafin a tashi, gidan ya rabu biyu.

Tsohuwar, wadda kowa ke kira Iya, ta haura tamanin, kuma duk unguwa an san halinta sai ita. 'Ya'yanta sun gina mata ɗakin siminti da tayil da fanka, ta cika shi da buhunan gero da ƙullin kuka da daddawa, ta ci gaba da kwana a ɗakinta na ƙasa. Kowace akuya tata da sunanta, tana yi musu faɗa kamar jikoki. Har gobe da fam da sule take lissafi, alhali tun 1973 naira ta shigo. Jeren tasoshin da aka kai ta ɗaki da su kuwa, ko ƙura ba ta yarda wani ya kaɗe.

Babban ɗanta bai jira ƙarshe ba. Ya miƙe ya ce wa yaron, "Kai, uwar tawa za ka ɗora a intanet duniya ta yi mata dariya?" Yaron ya sunkuyar da kai ya ce, "Baffa, a yi haƙuri a kalli saura."

Tsoron Baffa yana da tushe. Duk mai buɗe TikTok ya ga yadda yara ke tsokanar tsofaffi don su fusata, a ɗauki zagin, a yanke daƙiƙa ashirin, a sa kiɗa. Wannan cin mutunci ne, ko da jika ne ya yi. Aya ta 23 a Suratul Isra'i ta hana mu ce wa iyayen da suka tsufa ko da "uf", balle mu mai da su abin nishaɗin baƙi. Amma abin da na gani a bangon nan daban ne, kuma ina ganin yaron ya yi daidai.

A tsakiyar fim ɗin ya tambaye ta, cikin wasan jika da kaka, me za ta yi da gero buhu-buhu alhali ba ta cin ko tiya ɗaya a mako. Ta ce, "Maigidana, kai ba ka san yunwa ba." Sai ta shiga labarin farin 1973, yadda gero ya bushe a tsaye, yadda suka koma dusa da tafasa, yadda ta sayar da rabin tasoshinta a kasuwa ta auno hatsi. Ta yi shiru mai tsawo, yaron bai kashe kyamara ba, bai kuma cika ta da tambaya ba. Daga nan ta ambaci 'yar da ta rasu a goye a wannan shekarar. Tsakar gidan ta yi tsit. Mafi yawan waɗanda ke kan tabarmin ba su taɓa jin an yi wannan yarinya ba. Shekara da shekaru suna cewa rigimar tsufa ce ke sa ta tara hatsi, babu wanda ya zauna ya tambaye ta dalili.

Ban ga laifin Baffa a rashin sanin nan ba. Shi ɗan fari ne, ko sunansa Iya ba ta faɗa, kunya ba za ta bar su su yi irin wannan hirar ba. Al'adarmu ta rufe wannan ƙofa tsakanin uwa da ɗa, ta buɗe ta tsakanin kaka da jika. Shi ya sa nake ganin idan za a ɗauki tsofaffinmu, kyamarar ta fi dacewa da hannun jikoki, in har an koya musu sauraro.

Ga kuma abin da ya fi damuna. Tambayi kowane ɗan firamare a garin nan tarihin Daura, zai kawo maka Daurama da Bayajidda da rijiyar Kusugu, watakila har ya lissafo Sarki Abdurrahman da Sarki Muhammadu Bashar. Tambaye shi yadda kakarsa ta ciyar da gida a shekarar fari, ko abin da ta ji a 1979 da matan Arewa suka fara jefa ƙuri'a a zaɓen ƙasa, sai ya yi zuru. Littafin da aka fi dogara da shi kan rayuwar Bahaushiya ta da, tarihin Baba ta Karo, wata Baturiya ce, Mary Smith, ta zauna da tsohuwar a ƙasar Zazzau tsakanin 1949 da 1950 ta rubuta, aka buga a 1954. Irin su Baba suna cikin gidajenmu, kullum muna kai su makwanci da abin da ke cikinsu. Finafinanmu ma sun fi nuna tsohuwa a matsayin uwa mai kuka ko muguwar suruka.

Duk da haka akwai iyaka, kuma na faɗa wa yaron. Sai da yardar tsohuwa, yarda ta wanda ya fahimci cewa hoton zai iya wuce garin nan. Wadda gigin tsufa ya kama, ba ta gane 'ya'yanta, wannan lalura ce, sutura take bukata, a ajiye waya. Akwai kuma wuri ɗaya da Iya ta taɓo kishiyarta marigayiya, wadda 'ya'yanta ke raye a gidan. Na ce ya cire shi, domin wadda ake magana a kanta ba ta nan balle ta kare kanta. Batun ɗorawa a intanet kuwa, shawarata a dakata. A ba kowane ɗaki kwafi, a kai wani sashen tarihi na Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da ke Katsina idan dangi sun amince.

Ita kanta Iya tana wurin, a kan buzunta, ta kalli komai ba ta ce uffan ba. Da aka gama sai ta ce a mayar mata da wurin da take labarin yarinyar. Aka mayar. Baffa, wanda ashe bai wuce zaure ba, ya dawo ya tsaya daga bakin ƙofa har aka kai ƙarshe.