A Kathmandu mutanen unguwa ke riƙe da tarihinsu, mu badala tana jiran gwamnati

Girgizar ƙasar da ta auka wa Nepal ranar 25 ga Afrilu, 2015 ta kashe mutum kusan 9,000, ta kuma zubar da gine-ginen da suka shekara ɗaruruwa a tsaye a kwarin Kathmandu. Wanda ya je yau sai an nuna masa wasu wuraren kafin ya gane sun taɓa faɗuwa. Daga Indiya, inda nake zaune, na haura can, kuma kallo ne ya kai ni, kada wani malam ya fara gyaran murya. Mai fasfon Najeriya ya sani, ba a buga mana biza a filin jirginsu, sai ka nema a ofishin jakadanci tun kafin ka tashi.

Boudhanath, wurin ibadar mabiya Buddha, farin gini ne ƙato kamar an kife ƙwarya, da hasumiya a kai wadda aka zana wa idanu ta fuska huɗu. Da yamma tsofaffi 'yan asalin Tibet suke cika wurin, carbi a hannu, suna kewayawa ginin na damansu, ƙaurin fitilun man shanu ya gauraye da turare. Hasumiyar nan ta tsage a girgizar. Mabiya da ƙungiyoyinsu suka yi karo-karo, masu zinariya suka kawo, masu ƙarfi suka ɗauki bulo, a watan Nuwamba na 2016 aka sake buɗe wurin, alhali wasu gine-ginen da ke jiran kuɗin hukuma ko harsashi ba a taɓa ba.

A Pashupatinath, babban wurin bautar 'yan Hindu a bakin kogin Bagmati, wanda ba addininsa ba ne ba ya shiga ciki, sai dai ya tsaya a ƙetaren ruwa. Wannan bai dame ni ba, gidan kowa da ƙa'idarsa. Abin da ya sosa mini rai shi ne baƙi masu buɗe ido da suka jera a kan matakala suna ɗaukar hoton iyalan da ke ƙona gawar ɗan'uwansu, wani ɗa da aka aske wa kai yana kuka, kyamara na kansa. Kogin kuma ya ƙazantu, wari yake. Don haka ba cewa nake komai nasu daidai ne ba.

Amma akwai tsarin da ya riƙe wuraren nan, wanda ƙabilar Newar ke kira guthi. Tun zamanin kakanni ake ware gona ko fili, abin da ya fito a yi gyaran ɗakin bauta, a share rijiya, a ciyar da masu hidima, kuma an san gidan da nauyin kowane aiki yake wuyansa. A 2019 gwamnati ta kawo ƙudurin dokar da zai mayar da waɗannan kadarori ƙarƙashin wata hukuma, dubban mutane suka cika titunan Kathmandu har aka janye shi. Haka tafkin Rani Pokhari na ƙarni na 17: da aka fara zuba masa siminti wai gyara, mutanen gari suka tsaya kai da fata, aka dawo da bulo da laka irin na asali.

To mu fa? Ganuwar Kano tun zamanin Sarki Gijimasu aka aza ta, wajen shekara 900 ke nan, kuma tun 2007 tana cikin jerin wuraren da Najeriya ta miƙa wa UNESCO, hukumar raya al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, tana neman a amince da su a matsayin wuraren tarihi na duniya. Kwarin Kathmandu kuwa an amince da shi tun 1979. Duk wanda ya tashi a cikin birni ya san yadda badala ta ƙare: wannan ya ɗebi ƙasa ya yi tubali, wancan ya kafa shago, can an mai da ita juji. Ƙofar Na'isa rushe ta aka yi don faɗaɗa titi. Mun yi surutu kwana biyu a rediyo, shi ke nan.

Na san abin da za a ce mini: ai nasu wurin ibada ne, shi ya sa suke kishinsa, badala kuwa katanga ce. To mu koma masallatai. Masallacin Juma'a na Zariya, aikin Babban Gwani Muhammadu Durugu na ƙarni na 19, wanda masana gini na duniya ke zuwa nazarin bakan gizonsa, wato lanƙwasassun ginshiƙan laka da ke ɗauke da rufinsa, wani sashe nasa ya rufta kan masallata a watan Agustan 2023, aka yi asarar rayuka, Allah Ya jiƙansu. A daminar 2024 tsohon masallacin Damagaram ya zube. Ginin ƙasa ba ya yafe sakaci, kullum yana son yaɓe da gyaran indararo, kuma aikin nan ba ya yiwuwa da kwangilar da ake bayarwa sau ɗaya a shekara goma. A unguwanninmu kuwa, mai kuɗi in ya so lada sai ya rushe tsohon masallaci ya kafa na tayil, a yi ta sa masa albarka.

Abin haushin, ba sai mun aro komai daga Nepal ba. Wakafi a addininmu yake, aikin gayya a al'adarmu yake. Agadas shaida ce: hasumiyar masallacinta mai tsawon mita 27 ta laka ce, mutanen gari ke sake yaɓe ta, kuma tsohon birnin ya shiga jerin UNESCO a 2013. Da a ce Gobarau ta Katsina ko wani yanki na badala na da shaguna biyar da aka yi wakafinsu, hayarsu na tafiya kan yaɓe kafin kowace damina, da magina na gargajiya sun sami abin yi duk shekara. A Patan, birnin da ke maƙwabtaka da Kathmandu, na tsaya kan wani saurayi yana sassaƙa ginshiƙin taga, tsohon da ya karye a gefensa yana kwaikwaya, ubangidansa na zaune yana duba hannunsa. A Kano 'ya'yan magina da yawa sun koma buga bulon siminti, saboda nan kuɗin yake.